Jan Zaren da ke Hannun Babur ɗinka

Malbaza, ranar Lahadi.

Zuwa ga Ɗanjuma,

Da sunan Allah nake farawa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka isa Tajaye lafiya, ka samu masauki mai kyau, ruwan garin kuma ya karɓe ka. Allah ya tsare ka a kan hanya da cikin gari, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a wannan aiki na malamin gona da aka ba ka. Mu nan duka lafiya lau muke, kuma ba don in ba ka labarin gida na ɗauki alƙalami ba.

Ka san tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ne na fari, haka muka tarar ana yi, haka ni ma na yi. To, takarda ba ta da idon da zan ji nauyi, don haka yau zan faɗa maka abin da bakina ya kasa. Da hannuna na rubuta, don ba na son kunne na uku ya ji. In ka ga rubutun kamar kaza ta yi tono, ka yi haƙuri, rani uku kawai na yi a karatun manya, kai kuwa ka ƙare lakwal, makarantar boko.

Ga abin da ya sa. Ranar Laraba, jajibirin tafiyarka, babanka ya kira ka zaure ya fara yi maka bayanin rodaji, wato irin lallashin da ake yi wa sabon inji kafin a sake masa wuta. Ka durƙusa ka ce to, ka ce in sha Allahu, duk kamar ɗan kirki. Da ka fita wajen abokanka a gindin dogon yaro, suna zagaye da sabon babur ɗin da buron gona, wato ofishinku, ya ba ka, sai na ji ka ce:

"Wai tsoho ka koya min rodaji, shi da nashi ka hayaƙi tun ina aji guda."

Suka yi dariya, kai ma ka yi. Abin da ba ka sani ba shi ne babanka yana bayan katanga yana alwalar la'asar. Ina kallonsa daga bakin murhu. Ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba ƙasa, ya daɗe a haka, sannan ya ƙarasa alwalarsa ya tafi masallaci. Ni kuwa tun ranar tuwo ba ya wuce mini da daɗi, domin ni kaɗai na san wanda ya cancanci a yi wa wannan dariya. Ba zan yarda ka fara zaman kanka kana ganin babanka a matsayin wanda bai san abin da yake faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ka saurara.

Shekara guda kafin babban farin nan ya sayi babur ɗinsa. Kana shekara bakwai ko takwas, kana hannun kakarka a unguwar gabas, shi ya sa ba ka san komai a kai ba. Aikinsa a ma'aikatar siminti, ka sani, sa wa injuna mai ne da sauraren lafiyarsu. Na taɓa kai masa fura na tarar ya kara sandar ƙarfe a jikin wani ƙaton inji, ɗaya bakin a kunnensa, idonsa a rufe, manyan masu takardu suna tsaye suna jiran abin da zai ce. Ya ce a tsayar. Da aka buɗe, aka samu abin a daidai inda ya nuna. Na koma gida ranar ina jin kamar an ƙara mini tsawo.

Ranar da ya tafi Ƙonni ɗauko babur ɗin, ni ce na cika unguwa da labari. Na dama fura ƙwarya biyu, na tara mata tun hantsi, na ce kafin azahar za su ji ƙara. Har mai guɗa na ajiye. Azahar ta yi, babu shi. La'asar ta yi, furar ta fara tsami, mata suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ta bar tukunya a wuta, waccan yaro na kuka. Sai da rana ta yi ja sannan ya ɓullo, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Ashe duk inda ya ga inuwa mai kyau sai ya tsaya, ya kashe shi, ya zauna har ya huce, ya kara bayan hannunsa kusa da injin ya ji, sannan ya tashi. Wani mai amalanke ya rantse a bakin kasuwa cewa jakinsa ya wuce babanka sau biyu tsakanin Tsarnawa da nan, kuma mutane suka yarda.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Na ajiye masa tuwo ban ce sannu da zuwa ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne matan da suka tafi suna murmushi, ban ko tambayi dalilinsa ba. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Kai ma yanzu idon Tajaye duka yana kanka: sabon malami, sabon babur, samari na jiran su ga ƙura ta tashi a bayanka. Ka bar su su jira. Mai kallo ba shi zai tura maka babur ba ranar da ya tsaya a dawa. In ka yi tafiya mai ɗan nisa ka nemi inuwa ka kashe shi ya huce, ka sha ruwa, ka gaisa da masu gona, ai aikinka ke nan ma.

Washegari ya roƙe ni jan zare daga cikin wanda nake ɗinkin hula da shi. Ya naɗa shi a hannun dama na babur, wanda ake murɗawa a ba da wuta, ya yi masa wani ƙulli nasa na masu aikin inji, sannan ya karta 'yar alama a jikin ƙarfen da ke kusa. In ya murɗa, ƙullin ya zo daidai alamar, to nan ne iyaka, ba ya wucewa ko da kura ce ta biyo shi. Matan unguwa suka tambaye ni, na ce laya ce malam ya ba shi, don na ga ya fi daɗin faɗa. Da ya ji, dariya ya yi har ya ƙware da goro.

Ka ga yadda yake tarairayar abin nan kuwa. Da safe ya tayar da shi ya bar shi yana ɗan numfashi a tsaye, sai ya gama shan kununsa sannan ya hau. Man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya ba ya zuba shi kai tsaye, sai ya shinshina ya ji ko an gauraya da kananzir, ya tace shi da wani tsohon kallabina. In ya zo wurin yashi sai ya sauka ya tura. Ba ya goyon kowa, ba ya ɗaura ko damin ƙaiƙayi. Ba ya kuma barinsa a kan tafiya iri ɗaya, yakan ɗan ƙara ya ɗan rage, ya sauya giya, wai don kowane ƙarfe a ciki ya samu rabonsa. A lokacin ina ganin fitina ce kawai irin ta mutumin da ya daɗe yana jiran abu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake hana manya ba tare da ya ɓata musu rai ba. Ka san halinmu, sabon abu na dangi ne. Kawunsa Malam Idi, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba a ce masa a'a, ya zo da sandarsa ya ce a kai shi kasuwar Galmi. Na ce yau zan ga ƙarshen jan zare. Babanka ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce:

"Baba, amarya na cikin lalle, ba ta hita da kowa. Ran da tah hito, kai ka hwara hawa."

Tsohon ya yi dariya har sandar ta faɗi, ya sa wa babur albarka, babanka ya raka shi tasha da ƙafa. Daga ranar duk gari ya ɗauka, kowa ya gan shi sai ya tambayi lafiyar amarya. Ka riƙe wannan, don za ka buƙace shi. Maigari zai so ka kai shi Illela, liman zai so ka ɗauko masa buhu, wani zai ce matarsa kawai za a sauke a ƙauye na gaba. Kada ka ɗaure fuska, kada kuma kunya ta sa ka miƙa makulli. Ka samu maganar da za ta sa mutum dariya, ka yi masa alkawarin gaba, ka kuma cika. Babanka ya cika nasa, Malam Idi ne ya fara hawa bayansa, ko da yake lokacin aikin gama ya riga ya gama.

Bayan mako guda ya yi masa juyen mai na farko a tsakar gida. Ya tara baƙin man a sakaina, ya kira ni ya karkata ta a rana. Sai na ga wani ƙyalli-ƙyalli a ciki kamar an niƙa kwalli an zuba. Ya ce garin ƙarfe ne da injin ke zubarwa yana gogar kansa. Na ce to ashe ruɓaɓɓe suka sayar maka. Ya girgiza kai ya ce:

"Ƙarhe na, bai san ɗan'uwanai ba tukuna. In munka yi mishi haƙuri wata guda, shi yi muna na shekara ashirin."

Nan take na gane, don na san sabon dutsen niƙa. Ba a fara shi da garin tuwon maigida, sai an niƙa dusa an zubar wa kaji sau biyu sau uku, har tsakuwar ta ƙare, ɗan dutse ya kwanta a kan uwarsa. Na faɗa masa haka, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce da ni namiji ce da ya ɗauke ni aiki. Na faɗa maka wannan ne don ka san abin da na yi daga baya ba rashin sani ba ne. Na ga garin ƙarfen da idona, na kuma san saura juye na biyu kafin a kwance zaren.

A mako na uku ƙanwata Hadiza ta haihu a Bazaga, haihuwar fari, namiji. Tun da cikin ya tsufa na aika wa mutanen gidanmu cewa a kan babur zan zo suna. Ka san ni ce aka aurar nesa, kuma akwai masu cewa an kai ni garin ƙurar siminti in sha wahala. Ina so su gani da idonsu. Na roƙi babanka, ya ce in yi haƙuri, in shiga mota zuwa Ƙonni, daga can in hau amalanke kamar kullum. Ana haka aka tura shi Tawa aikin kwana uku. Ya shigar da babur zaure, ya lulluɓe shi da tsohon bargo, ya ba ni makulli a hannu ya ce in ajiye. Bai ce kada in ba kowa ba, don bai zaci akwai buƙatar faɗa ba.

Ranar suna da hantsi sai ga kawunka Illa, ƙanena, ya biyo ta nan don mu tafi tare. Ya yi ci-rani a Sakkwato, ya iya tuƙi, yana ta ba da labari. Na dube shi, na dubi bargon nan. Na shiga ɗaki na buɗe kwalla na ɗauko makulli. Kada ka riƙe kawunka a zuciya, don shi ya fi ni hankali ranar. Da ya yaye bargon ya ga zaren sai ya ja baya ya ce:

"Yaya, wanga zare hwa? Maigida bai ɗaure shi banza ba."

Na ce masa zare ne, ba sarƙa ba. Na ɗauko reza na yanke shi da hannuna.

Muka ɗaura rabin buhun gero, da kwanoni, da turmin atamfa, ni na hau baya da ƙanwarka Rabi a goye. Bazara ce, irin ranar da ko ƙadangare ke neman inuwa. A kan kwalta Illa yana tafiya daidai, ni ce na riƙa zungurinsa a baya ina cewa ya ƙara, kada mu tarar an watse. Da muka wuce Ƙonni muka faɗa yashi, babur yana kuka yana nishi, zafin injin yana dukan ƙafata, wani ƙauri yana tasowa. Ya ce mu tsaya ya huta, na ce in mun isa ya huta har gobe.

Mun isa kuwa ana tsakiyar yini. Yara suka biyo mu da gudu, mata suka fito da ludayi a hannu, gwaggona ta rangaɗa guɗa. Masu cewa ina shan wahala su suka karɓi kwanonina. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma da daɗin na kwana.

A hanyar dawowa washegari, ba mu kai Ƙonni ba injin ya yi wata ƙara kamar an jefa tsakuwa a gwangwani, ya cije, ya mutu. Kusa da wata rijiya ne. Na ga yana huci, sai na ce da Illa ya karɓi guga wajen masu ban ruwan awaki ya kwara masa. Ya kwara sau biyu, tururi ya tashi, ƙarfen yana ƙas-ƙas. Ni a wautata taimakonsa nake yi, alhali ko tukunyar ƙasa na san ba a yi mata haka. Bayan mun daɗe a zaune ya yarda ya tashi, muka lallaɓo gida. Ko kana cikin wane hali, kada ka zuba wa inji mai zafi ruwa, ka ba shi inuwa da lokaci kawai. In kuma ka ji ƙauri ko sabuwar ƙara, ka tsaya a nan inda kake, ko da saura taku goma ka isa.

Na wanke babur tas, na share sawunsa a ƙofar zaure, na ɗauko jan zare na naɗa, na ƙulla, na mayar da bargo. Ina ganin na yi dabara.

Babanka ya dawo da yamma. Da safe ya fitar da shi ya tayar, ni ina tankaɗe ina satar kallonsa. Ya karkata kai yana saurare. Wani shuɗin hayaƙi ya fito ta baya, siriri, wanda babu shi a da. Ya kashe, ya sake tayarwa, ya sake saurare. Sannan ya sunkuya ya dubi zaren, ya taɓa ƙullin da ɗan yatsa. Irin ƙullin da muke yi wa bakin zane in mun ɗaure goro ne na yi, ban ma lura nasa daban yake ba. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce in tafi gidanmu in huta, har na fara tunanin abin da zan gaya wa innata. Sai ya ɗago ya ce:

"An yi suna lahiya?"

Na ce lafiya lau.

"To, madalla. Ya yi aikin zumunci."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ranar da duk ranakun da suka biyo baya. Ya kwance ƙullina ya yi nasa, ya ci gaba da lallaɓa shi har watan ya cika, kamar babu abin da ya faru. Da duka ya yi mini da na fi samun sauƙi, don da na yi kuka na huce.

Hayaƙi kuwa ba ya ɓoyuwa. Kafin wata biyu duk Malbaza ta sani. Waɗanda ya hana aro suka samu abin faɗa: ga mai jan zare, ga mai amarya, ashe duk iyayi ne. Abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa, wai likitan injuna ya kasa da nasa. 'Yan kaɗan da suka gan mu ranar da muka fita, ya gaya musu shi ya ba Illa makulli. Duk wanda ya tambaye shi kuma amsa ɗaya ce: "Ni niy yi mishi gaugawa." Sau biyu ya kai shi Ƙonni aka buɗe, aka sake wasu zobba a ciki, hayaƙin ya ragu ya dawo, don makaniken ya ce cikin ya riga ya karce. Sai fari ya zo, hankalin kowa ya koma kan abin da za a sa a tukunya, maganar sayen wani sabon inji ta mutu.

Yanzu ka yi tunani da ilimin da ka fi ni. Wannan makaniken ya ce injin ba zai ga damina biyu ba. Shekara goma sha huɗu ke nan yana tafiya. Duk safiya sai babanka ya duba mai ya ƙara, duk Juma'a ya kwance buji, wato fulogin da ke ba da wuta, ya goge, ya san tarinsa, ya san ranar da ba ya son nisa. A kansa aka yi jigilar tsaba lokacin yunwa. A kansa ya kai ka Ƙonni ka zauna jarrabawa, kana ta ɓoye fuska don kada 'yan ajinku su gan ka. A kansa ya riƙa kai ni karatun manya, ga shi yau ina rubuta maka wannan. Sababbi nawa aka saya a garin nan bayan nasa, yau ƙarafunansu suna bayan shagon makaniki kaji na ƙwai a ciki? Ni ban taɓa ganin mai hannu irin na babanka ba, kuma ban taɓa ganin mai ciki irin nasa ba.

Kuskurena na ƙarshe ya fi sauran daɗewa, shi ne shirun da na yi. Ina ji kuka sa wa babur ɗin suna Maganin Sauro, kai da ƙannenka, kuna dariya in ya tayar da shi, shi ma yana taya ku. Wani lokaci har ni nakan yi murmushi don kada a gane. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, sai in ga ai abin ya wuce, tone shi ba amfani. Ashe bai wuce ba, yana nan yana girma tare da kai, har ya fito daga bakinka ranar Laraba. In ka ɓata abu, a wajen aiki ne ko a gida, ka faɗa da bakinka tun ranar, kafin wani mai kirki ya ɗauka ya ɗora a kansa. In ya riga ya ɗauka, sauke masa yana da wuya ƙwarai.

Ranar Alhamis da safe, da ka tafi yi wa kakarka sallama, babanka ya shigo ya tambaye ni ko akwai sauran jan zare. Na ɗauko na ba shi. Ya je zaure ya naɗa a hannun babur ɗinka, ya yi ƙullinsa, ya karta alama. Mutumin da ka yi wa dariya ranar Laraba ke nan. Na san ka gani da ka hau, na ga ka dube shi ka dubi abokanka. Ban sani ba ko yana nan har yanzu.

Shekaranjiya na yi abin da ya kamata in yi tun kana aji ɗaya. Na same shi yana goge buji a tsakar gida, na durƙusa na ce ni na yanke zare, ni na ce a ƙara wuta, ni na ce a kwara ruwa, ya yafe mini. Ya ce ai ya daɗe da yafewa, har ya manta wace shekara ce. Na ce zan rubuta in gaya maka. Nan ne ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ni sosai ya ce:

"Bar shi shi yi min dariya, ba ta kashe ni. Uwa guda gare shi, kak ki zubda kanki ga idonai."

Na ce to. Yau da ya fita na ɗauko takarda. Wannan ne karo na biyu da na saɓa masa a kan maganar babur. Na farkon ina nadamarsa har in mutu, wannan kuwa ko kaɗan. In girmana ya ragu a idonka, ya ragu, dama na aro ne, daga nasa aka ɗiba aka ba ni.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Juma'a mai zuwa ka taso da sanyin safiya ka zo gida, kai kaɗai, ba goyo ba kaya. Ka taho a hankali, in amalanke ya wuce ka ka gaishe da mai shi. Kada ka bari kowa ya yi maka juyen farko a can. Ka kawo wa babanka, ka durƙusa ka ce ya nuna maka, ka riƙe masa sakaina da hannunka, ka tambaye shi duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ba sai ka ce ka ga takardata ba, kuma ba sai ka ba shi haƙuri da baki ba, ya fi jin irin wannan. In zaren yana nan, alhamdu lillahi. In kuwa ka riga ka yanke, kada ka nemi wani ka ƙulla a hanya, zai gane ƙullin. Ka zo masa da hannun babur haka nan, ka ce kai ka yanke.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin ido, ya sa ka fita lafiya ka koma lafiya, ya ba manoman Tajaye damina mai albarka ta hannunka. Allah ya ba ka rabin haƙurin babanka, ya ishe ka zaman duniya. Ƙannenka suna gaishe ka. Zan dama fura ranar Juma'a, kuma ko ta yi tsami ba zan ce ka daɗe ba.

Ni ce,
Innarka.